Ƙafar da na goya cikin filasta

Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yar farina ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ko a gabanta "ke" nake cewa, in kuwa labarinta nake bayarwa sai in ce "yarinyar nan". Ni malamar firamare ce a Jos, na haura shekara 20 ina riƙe da alli. Labarin da zan bayar na ƙafa ne, ƙafar dama ta yarinyar nan, da inda ta kai ta.

Na haife ta a ƙarshen shekarar 2003, cikin irin sanyin Jos ɗin nan da ke sa ruwan randa ya ƙi taɓuwa da asuba. Da aka miƙo mini ita na buɗe zanen ina duba ta gaɓa-gaɓa kamar yadda kowace uwa ke yi, sai idona ya tsaya a ƙasa. Tafin ƙafarta ta dama ya juya ciki yana kallon 'yar'uwarsa, dunduniyar ta ɗage sama, kai ka ce wani ne ya kama ya murɗe. Ranar suna mata suka cika ɗaki. Kowacce ta karɓe ta sai ta yi "Allah Ya raya" da murya sama, in ta ɗaga zanen kuma sai muryar ta sauka. Wata ta ce fitar magariba na yi da ciki. Wata ta ce wani abu na tsallaka a hanya. Wata ta rantse shan inna ne. Surukata, wadda muke kira Inna, ta ce a kai ta wurin mai ɗori tun ƙashin yana ɗanye. Maigidana, Malam, direban motar haya ne tsakanin Jos da Bauchi, ba mai yawan magana ba. Ya saurari kowa, ya ce asibiti za mu.

Likitan da ya duba ta ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce wannan ba iska ba ce, ba kuma shan inna ba, haka ake haifar wasu jarirai, jijiyoyin ne suka ɗaure suka ja ƙafar ciki. Ya ce tunda mun zo da wuri akwai gyara. Daga nan muka shiga jigila. Duk mako sai a lallaɓa ƙafar da hannu a ɗan juyo da ita, a naɗe ta da filasta tun daga yatsu har cinya, mako na zagayowa a cire a sake wani. Wadda ba ta taɓa goya jariri mai filasta ba ba za ta gane ba. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa ta bi jikinki, a sandare take, tana gugar haƙarƙarinki har wurin ya yi tabo. Wanka sai dai da tsumma. Bayan an gama filastocin aka yi mata ɗan ƙaramin aiki a jijiyar agara don dunduniyar ta sauko, sannan aka ba mu wasu 'yan takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe a tsakani. Da farko dare da rana take sa su, daga baya sai lokacin barci, har ta kusa shekara huɗu.

Takalman nan su ne suka fi cin raina. Ta yi ta kuka tana dukan katifa da ƙafafu biyu a haɗe, ni kuma ina zaune ina jijjiga ta har a kira assalatu. Akwai daren da Malam ya ce, "Malama, don Allah cire mata na yau kaɗai." Na ce a'a. Likita ya gargaɗe ni cewa in aka yi sakaci ƙafar komawa take yi, kuma na ga yaran da tasu ta koma, a layin asibiti, suna taka gefen ƙafa.

Allah Ya taimake mu ta miƙe. Ta taka, ta yi tafiya, tafin ya zauna daram a ƙasa. Sai dai ta fi ta hagu ƙanƙanta, sharaɓar ma ta fi siranta, har gobe haka take. To ni daga nan tsoro ya shige ni. Na hana ta guje-guje, na hana ta 'yar gala-gala da tsallen igiya. Da ta shiga makaranta da ƙafata na je na roƙi malamai a cire ta daga duk wani wasa. In yara suna fili ita tana gindin bishiya tana gadin jakunkuna. A ganina kulawa ce nake yi, kuma har yau in na tuna yarinyar da ke zaune a gindin bishiyar nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

A 2018, tana ajin farko na babbar sakandare, wasu masu koyar da wasa suka je makarantarsu da wata ƙwallo mai siffar gwanda. Irin na koyo suka fara da shi, wanda ba a kayar da kowa, ƙyalle ake maƙalawa a ƙugu, in an fizge naki sai ki miƙa ƙwallon. Zango guda tana yi ban sani ba. Wanki ne ya tona ta. Na ga gwiwar wandon makarantarta ta rine da jar ƙasa, na ga kuma ƙujewa a gwiwar hannunta. Na tsare ta a ɗaki.

"Ke, faɗa kika fara?"

"A'a Umma. Zari-ruga nake yi."

"Zari me?"

Ta ce su ragbi suke ce masa. Ta ce yanzu an wuce na ƙyalle, an fara na gaske, wanda ake kama mutum a kai shi ƙasa. Ban san lokacin da na zauna a bakin gado ba. Da Malam ya dawo na zayyana masa komai, ina jiran ya tsawatar. Ya taɓa ganin wasan a talabijin a tasha. Ya yi shiru yana cin tuwonsa, can ya ce, "Malama, wahalar da kika sha kan ƙafar nan, don ta taka ne, ko don a jere ta a kabad kamar kwanon samira?" Kwana biyu ban yi masa magana mai daɗi ba.

A dare na uku yarinyar ta shigo da wayar babanta, ta durƙusa a gabana ta miƙo. Hoton wata baƙar mace ce, gajeriya mai ƙirar ƙarfi, cikin farar riga, ta rungumo wata Baturiya ta ƙugu tana kai ta ƙasa. Ta ce, "Umma, sunanta Maggie Alphonsi. Uwarta 'yar Najeriya ce. Ita ma da irin ƙafata aka haife ta."

Na karɓi wayar na ce ta je ta kwanta. Ni malama ce, ba na yarda da abin da yaro ya faɗa sai na bincika. Na kwashe darare ina karantawa, kuma duk abin da ta faɗa haka yake. An haifi Maggie a Landan a 1983 da murɗaɗɗiyar ƙafa, an yi mata aiki tana ƙarama, uwarta ce ta raine ta ita kaɗai a wata unguwar talakawa a arewacin birnin. Tana 'yar shekara 14 wata malamarta ta wasanni, wadda ita kanta ta buga wa ƙasar Wales, ta nuna mata hanyar zari-ruga. Ta shiga ƙungiyar Saracens, sannan ta fara buga wa Ingila a 2003, shekarar da nake fama da cikin tawa yarinyar. Lamba 7 take sawa, kuma aikin mai wannan lamba yana cikin mafi wuya a fili: ita ce farkon zuwa inda aka yi karo, ita ce mai kayarwa, ita ce mai sa kai cikin ƙafafun mutane ta ƙwato ƙwallo. Saboda yadda ba ta gajiya har laƙabin inji suka sa mata.

Abin da ya fi kama ni a labarinta shi ne haƙurin. Ta je wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 2006, New Zealand ta doke su. Ta sake zuwa a 2010, a gida Ingila, New Zealand ta sake doke su da 13 da 10, tazarar bugu ɗaya. Ta yi doguwar jinyar gwiwa, ta dawo. Sai a 2014 a Paris suka ci Kanada 21 da 9 suka ɗauki kofin, daga nan ta ajiye rigar ƙasa, bayan wasa 74. Kuma duk wannan ba da albashin wasa suka yi shi ba. Matan da suka ɗauki kofin nan akwai malaman makaranta a cikinsu, akwai mai gyaran famfo, akwai likitar dabbobi. Aiki suke tashi su tafi atisaye. Na yi ta tunanin uwar Maggie, wadda ban san ta ba, ban san ko wane gari ce a ƙasar nan ba. Na tabbata ita ma ta yi zaman layin asibiti, ta kuma san nauyin ƙafar da aka naɗe. Amma ta bar 'yarta ta shiga fili.

Duk da haka ban amince nan take ba. Na ɗauke ta muka koma wurin likitan ƙashi. Ya sa ta tsalle da ƙafa ɗaya, ya sa ta tsaya a kan yatsu, ya murza ya lanƙwasa. Ya ce ƙafar ta warke, motsa ta ma ƙarfi zai ƙara mata. Ya ce in tsoro zan ji, in ji na kafaɗa da gwiwa da buguwar kai, irin wanda ke kan kowace 'yar wasa, kuma ya ja mata kunne cewa duk ranar da kanta ya bugu ta ji jiri, ta fita daga fili ko da wasan ƙarshe ne. A hanyar gida na gindaya mata sharuɗɗa. Salla a kan lokaci. Sakamakon jarrabawa kada ya sauka. Magariba ta yi mata a gida. Sai sutura, wadda ita ce na ɗauka za ta kawo ƙarshen maganar, ashe dokar wasan ta duniya ta yarda mace ta rufe kanta, ta kuma sa dogon wando a ƙarƙashin gajeren, in dai babu allura ko wani abin da zai ji wa wani ciwo. Ta nuna mini Zainab Alema, Musulma 'yar asalin Gana da ke Ingila, ma'aikaciyar jinyar jarirai, uwar 'ya'ya, tana buga wasan da hijabinta. Tela a unguwarmu ya ɗinka mata ɗan hijabi mai kama kai, ba ya lilo.

Surutu kam an yi. Inna ta ce, "Kishiya, wa zai kwashi matar da ke kayar da mutane?" Wani ƙanin Malam ya zo takanas ya ce ana maganarmu a majalisa. Malam ya ce masa ya gode, kuma yarinya tasa ce.

Ranar da na fara zuwa kallo, da carbi na tafi. Na 'yan bakwai-bakwai suke bugawa, minti bakwai a juya, minti bakwai a tashi, amma a fili mai girman na ƙwallon ƙafa, don haka gudu ne babu tsayawa. A hankali na fahimci tsarin. Ba a jefa wa abokiyar wasa ƙwallo gaba, sai baya ko gefe, wato in kina son ci gaba dole ki ruga da ita da ƙafarki. In kika tsallaka layin ƙarshe kika dangwala ta a ƙasa maki biyar ne, a buga ta tsakanin sanduna a ƙara biyu. In an yi ƙaramin kuskure sai uku daga nan, uku daga can su sunkuya su sarƙe kafaɗu su yi ta turereniya, a jefa ƙwallon a tsakiya. Ban daɗe da zama ba wata ƙatuwar yarinya ta taho a guje, tawa ta sunkuya ta shige ta ta cinya, suka zube tare. Na miƙe tsaye, salati ya ƙwace mini. Sai na ji an damƙe hannuna. Wata mata ce a gefena, ita kuma sunan Yesu take kira, ashe wadda aka kayar ɗin 'yarta ce. Yaran suka tashi suka kakkaɓe jiki suka ci gaba, mu kuwa muka zauna hannunmu a haɗe har aka tashi.

Matar nan a Anguwar Rukuba take. Wanda ya san Jos ya san abin da nake nufi. Tun rikicin 2008 akwai unguwannin da ban sake takawa ba, ita ma akwai waɗanda ba ta shiga. A ƙungiyar yaran kuwa akwai Birom, akwai Jarawa, akwai Anaguta, akwai Hausawa, daga Tudun Wada, daga Bukuru, daga Gangare, kuma wasan ba ya yiwuwa sai kin sa kafaɗarki a jikin 'yar'uwarki kin yarda ba za ta sake ki ba. Yanzu duk kaka matar nan tana aiko mini da acca, ni kuma da Babbar Salla 'yarta a gidana take cin nama.

Takalmin wasa ma wani babi ne. A gwanjon Katako muke nema, kuma da yake ƙafar dama ba ta kai ta hagu ba, ko dai mu sayi biyu mabambanta mu haɗa, ko ta cusa auduga a bakin ɗaya. Akwai wani mai gwanjo da ya gane mu, in ya buɗe dila ya ga waren takalmi mai ƙusoshi sai ya ajiye mana.

Haka aka yi ta tafiya, yau gasa a Kaduna, gobe Kano, jibi Abuja, a motar haya, wani lokaci su kwana a ajin makaranta. Shekarar da ta cika 20 aka kira ta sansanin da ake tace waɗanda za su wakilci ƙasa. Ta yi mako biyu, ta bugo waya cikin dare tana kuka, na zaci ciwo ta ji. Ta ce, "Umma, sunana ya fito." Kwasar adashena ta wannan watan a kan fasfo da 'yan kayan tafiya ta ƙare. Malam da kansa ya kai ta tasha, ya damƙa ta a hannun direban da ya sani. Gana suka je.

Ba a nuna wasan a talabijin ɗinmu ba. Abin da nake da shi wani ɗan bidiyo ne da wata abokiyarta ta ɗauka da waya daga benci, hannunta na rawa, bai cika minti ɗaya ba. An miƙo mata ƙwallo a gefen fili, tana sanye da kore da fari, hijabinta baƙi. Mutum biyu ne a gabanta. Ta nufi dama kamar can za ta bi, ta kafa ƙafar dama a ƙasa, ta ɗora mata nauyin jikinta gaba ɗaya, sannan ta tunkuɗa da ita ta karkata hagu. Ta farkon ta rungumi iska. Ta biyun ta kamo rigarta, ta ja ta har layi, ta faɗi da ƙwallon a ƙirji. Duk wanda na nuna wa, faɗuwar a kan layi yake kallo. Ni kuwa kullum a wurin kafa ƙafar nake tsayar da bidiyon. Na san kowane lungu na ƙafar nan. Na san inda filasta ya taɓa ci mata fata a bayan gwiwa, na san ɗan tabon da ke kan agara. Ranar da bidiyon ya iso na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Sun ci wasu wasannin, an ci su wasu. Ta dawo da rigar, da kumburarriyar kafaɗa, da ɗan abin da bai kai kuɗin adashen ba. Wasanninta na ƙasa da ƙasa har yanzu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma ina faɗin haka ne don kada wata uwa ta karanta ta ɗauka hanyar arziki ce. Maggie ta kai 74 ne saboda a can duk mako akwai wasa, duk shekara akwai gasar ƙasashe shida, akwai likita, akwai fili mai ciyawa. Ingila ta fara biyan matanta cikakken albashi tun 2019. Namu yaran sai su yi wata da watanni suna atisaye a kan tsakuwa ba su san ranar wasa na gaba ba. Ƙarfi da zuciya kam suna da su, na gani da idona. Wasa ne ba sa samu. Yanzu tana karatun koyar da wasanni da lafiyar jiki, ranar Asabar kuma tana tara ƙananan 'yan mata a filin makarantarmu da ƙwallaye biyu da ƙyallayen da na yanka mata daga tsohon zani.

A 2025, da aka yi Kofin Duniya na mata a Ingila, mun bi shi a waya. Afirka ta Kudu ta kai zagayen 'yan takwas, karo na farko, har ta riƙe New Zealand 10 da 10 zuwa hutun rabin lokaci kafin a fi ƙarfinta. Ranar wasan ƙarshe, Asabar 27 ga Satumba 2025, bayan la'asar, muka jingina wayar da fulas a tsakar gida. Ingila da Kanada, kamar 2014. Mutum 81,885 ne suka cika filin wasa na Twickenham da ke Landan don kallon mata. Yarinyar ta gaya mana cewa 'yan Kanada sai da suka nemi gudummawar jama'a kafin su kammala shirin zuwa, na ce ashe adashe ba a Jos kaɗai yake ba. Ingila ta ci 33 da 13. Inna, wadda idonta ya yi rauni yanzu, ta matso da kujerarta tana tambaya, "Kishiya, wacce ce mai irin aikinki a ciki?"

Watan jiya amaryar maƙwabtanmu ta haihu, namiji. Da na shiga barka na tarar da ɗakin ya yi irin shirun da na sani. Na ɗaga zanen, ƙafafu biyun duka a murɗe. Uwar, yarinya ƙarama, ta juya fuska bango tana hawaye, wata tsohuwa kuma ta fara maganar mai ɗori. Ban ce komai ba, na koma gida na jawo akwatin ƙarƙashin gado na ciro 'yan takalman nan masu sandar ƙarfe, fatar duk ta bushe. Na kira yarinyar nan, ta dawo daga atisaye kenan ko wanka ba ta yi ba, na ce ta biyo ni. A gaban matan na ce ta cire safa. Ta cire, ta ɗora ƙafar a kan tabarma kusa da takalman, sannan ta buɗe bidiyon ta miƙa wa mai jego. Ta kalla sau biyu. Ta share ido ta ce, "Umma, yaushe ake zuwa?"

Na ce ranar Talata, da sassafe, kuma ta taho da zanen goyo mai faɗi.